Daga ƙwaƙwalwa zuwa ɗakin haihuwa: Allurar da zafin Suleja ke iya kashewa

A watan Maris, kafin ruwan farko ya sauka a kan Dutsen Zuma, zafin Suleja ba ya sassautawa ko bayan la'asar. Motocin da suka kwashi ma'aikata zuwa Abuja tun asuba sukan dawo da su ta Madalla bayan magariba, su tarar da gari a cike maƙil, sau da yawa kuma babu wuta. A irin wannan dare ma haihuwa ba ta jira. Ko a babban asibitin gari ne ko a ƙaramin asibitin unguwa, da zarar jariri ya faɗo ya tsala kuka sai hankalin dangi ya koma kansa: namiji ne ko mace, wa ya ɗebo, wa zai yi masa huɗuba. Ungozomar da ta san aikinta kuwa, idonta na kan uwar. Cikin minti guda za ta fasa wata 'yar kwalba da ba ta kai ɗan yatsa ba, ta zuƙe ruwan da ke ciki, ta tsira wa maijego a cinya.

Sunan ruwan nan oksitosin. Mata sun fi saninsa da ruwan naƙuda, domin shi ake zubawa a ledar ƙarin ruwa idan naƙuda ta yi sanyi. Amma babban aikinsa yana zuwa ne bayan an haihu. A ƙarshen ciki, jinin da ke ratsa mahaifa yakan haura rabin lita a kowane minti. Idan mabiyiya ta rabu da bangon mahaifa, takan bar jijiyoyi a buɗe kamar famfon da aka cire wa kai. Ba a ɗinke su, ba a ɗaure su. Abin da ke rufe su shi ne naman mahaifar kansa, wanda zarensa ya saƙu da juna kamar tabarma, ya ƙanƙame ya shaƙe jijiyoyin. Idan mahaifa ta saki, ta yi laushi ta ƙi tsukewa, mace mai cikakkiyar lafiya tana iya rasuwa cikin awa biyu. Wannan sakin shi ne sanadin kusan kashi 70 cikin 100 na zubar jini bayan haihuwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mata miliyan 14 ke gamuwa da irin wannan zubar jini a kowace shekara, kimanin 70,000 daga cikinsu kuma ba sa tashi. Rahoton da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a watan Afrilun 2025 ya nuna cewa a shekarar 2023 kaɗai Najeriya ta rasa mata kusan 75,000 a sanadin ciki da haihuwa, wato fiye da rubu'in adadin duniya baki ɗaya. Ba banza ba Bahaushe ke cewa mai ciki ƙafarta ɗaya tana duniya, ɗaya tana lahira. Suleja, garin da Abu Ja ya kafa a wajajen 1828, wanda ya ba da sunansa na asali ga sabon babban birnin ƙasa a 1976 ya ɗauki na Sarki Sulaiman Barau, yana da tazarar da ba ta wuce tafiyar awa guda ba daga Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da hedikwatar hukumar NAFDAC. Kusancin bai canja tambayar da ke rataye a kan 'yar kwalbar nan ba: shin abin da aka rubuta a jikinta yana nan a cikinta?

Carbi mai ƙwaya tara

Jikin ɗan Adam yana aika saƙo daga wata gaɓa zuwa wata ta hanyoyi biyu. Akwai na jijiyoyin laka, mai saurin walƙiya, akwai kuma na sinadaran da ake zubawa cikin jini su zaga, waɗanda likitoci ke kira homon. Wasu daga cikin sinadaran nan an gina su ne da ƙwayoyin amino asid da aka jera ɗaya bayan ɗaya kamar carbi. Idan carbin gajere ne, masana kan kira shi feftayid. Oksitosin ƙwaya tara gare shi kacal. Ana ƙera shi a wani lungu na ƙasan ƙwaƙwalwa mai suna haifotalamas, a adana shi a bayan wani ɗan ƙulli da ke rataye a ƙarƙashinta, fitutari, wanda girmansa bai wuce ƙwayar wake ba. Daga nan ake sako shi idan kan jariri ya danno bakin mahaifa, ko idan jariri ya kama nono. Shi ya sa maijego kan ji mararta na murɗawa lokacin da take shayarwa a kwanakin farko. Mahaifa ce ke ƙara tsukewa.

Wani masani ɗan Ingila, Henry Dale, shi ya lura a 1906 cewa ruwan da aka tatso daga bayan fitutari yana sa mahaifar kyanwa mai ciki ta tsuke. An raɗa wa sinadarin suna daga harshen Girka, ma'anarsa haihuwa da sauri. Bayan shekara uku wani likitan mata a birnin Liverpool, William Blair-Bell, ya fara amfani da ruwan wajen tsayar da jinin masu haihuwa. Sai dai an shafe fiye da shekara 40 ana aiki da ruwan ƙwaƙwalwar dabbobi ba tare da an san takamaiman abin da ke cikinsa ba. A 1953 ne Vincent du Vigneaud na Jami'ar Cornell da ke Amurka ya gano jerin ƙwayoyin tara, ya kuma harhaɗa su da kansa a ɗakin bincike. Wannan ne karo na farko da aka ƙera homon mai irin wannan siga da hannun mutum, kuma shi ya jawo masa lambar yabo ta Nobel a 1955. Kowace kwalbar oksitosin da ke Suleja a yau jikar wancan aiki ce.

Saƙo ba ya aiki sai da mai karɓa. A jikin ƙwayoyin naman mahaifa akwai wasu 'yan ƙofofi, makarɓa, waɗanda oksitosin ke shiga kamar ɗan makulli a kwado. Idan ya shiga ya murɗa, sinadarin kalsiyam da ke taskace cikin ƙwayar sai ya ɓalle, naman ya ƙanƙame. Wani ayarin masana a Japan ƙarƙashin Tadashi Kimura ne ya fayyace sigar wannan kwado a 1992. Tun kafin nan, binciken Anna-Riitta Fuchs da abokan aikinta a farkon shekarun 1980 ya nuna wani abin mamaki: abin da ke canjawa sosai a ƙarshen ciki shi ne yawan kwadunan. Mahaifar da ba ta da ciki kaɗan gare ta. Kafin a kai wata tara sukan ninka kusan sau ɗari. Allurar da ba za ta motsa mahaifa a wata na biyu ba, ita ce za ta murɗe ta tamau a ranar haihuwa.

A nan ne ilimin ɗakin bincike ya zama maganar rai da mutuwa a unguwa. Akwai ɗabi'ar da ta yaɗu a wurare da dama ta tsira wa mai naƙuda allurar oksitosin a gida, ko a bayan shagon kemis, don a gaggauta haihuwa. Likitocin mata sun daɗe suna gargaɗi a kai. Muddin jariri yana ciki, ba a ba da wannan magani sai ta jijiya, ɗigo-ɗigo, ana ƙidaya murɗawar mahaifa ana sauraren bugun zuciyar ɗan. Idan aka danna shi gaba ɗaya a tsoka, babu mai iya janye shi. Mahaifa na iya ƙanƙamewa ba hutu har iska ta yanke wa jaririn, ko ita kanta ta fashe, musamman idan ƙugun uwa ya yi wa kan ɗan kaɗan, ko an taɓa yi mata tiyata. Akwai kuma illa ta biyu da ba a cika sani ba. Kwadon da aka yi ta murɗawa awa da awanni yakan gaji. Ƙwayar nama takan janye shi ciki ta ɓoye. To idan aka haihu jini ya ɓalle, aka kawo allurar da ya kamata ta ceci rai, sai ta tarar da ƙofofi da yawa a rufe.

Ruwa a kwalba

Raunin feftayid shi ne zafi. Carbin oksitosin yana da wata 'yar maɗaura da ta haɗa ƙwaya ta ɗaya da ta shida ta mai da shi zobe, kuma da wannan siga yake shiga kwadonsa. Idan ya daɗe cikin ɗumi, sigar takan lalace sannu a hankali. Ruwan ba ya canja launi, ba ya wari, ba ya gurɓacewa a ido. Kwalbar da ta mutu da mai rai kamarsu ɗaya. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da UNFPA suka jaddada a wata sanarwar haɗin gwiwa a 2019 ita ce a ajiye shi tsakanin digiri 2 zuwa 8 a ma'aunin Salshiyas, tun daga masana'anta har zuwa hannun ungozoma. Sun yi sanarwar ne domin wasu kamfanoni suna rubuta a kwalinsu cewa ana iya ajiye shi a yanayin ɗaki, alhali ɗakin da ake nufi ba irin na Suleja ba ne a watan Afrilu, inda rana kan haura digiri 35.

Sai a duba tafiyar da kwalbar ke yi. Mafi yawanta daga ƙasashen waje take zuwa. Za ta sauka a tashar jirgin ruwa ko ta sama, ta kwana a sito, ta hau babbar mota, ta shiga kasuwar 'yan sari, ta wuce hannu biyu ko uku kafin ta isa kantar mai sayarwa. Miji ne ko ƙanwar miji za a miƙa wa 'yar takarda tsakar dare a ce a je a sayo kayan haihuwa. Ba ya daga cikin abin da zai zo masa a rai ya tambayi mai shago ko daga firij ya ɗauko, balle ya tambayi ko firjin ya ga wuta a makon.

An auna abin. Wani bincike da Chimezie Anyakora da abokan aikinsa suka wallafa a 2018, wanda aka yi da haɗin gwiwar NAFDAC, ya tattaro samfuran magungunan haihuwa daga shiyyoyi shida na ƙasar nan. Kashi 74 cikin 100 na oksitosin da aka gwada bai cika ma'aunin da aka rubuta a jikinsa ba. Wani nazari da ya tattara bincike-bincike daga ƙasashe masu tasowa a 2016 ya samu cewa kusan rabin samfura ne ke faɗuwa gwaji. Zafi ba shi kaɗai ke da laifi ba, domin akwai wanda tun daga masana'anta aka tauye shi. Ma'aikatan jinya sun riga masana ganewa, ta hanyarsu: inda littafi ya ce kwalba ɗaya mai awo 10, da yawa sun saba fasa biyu ko uku domin sun ga ɗaya ba ta yi. Dabara ce ta wanda ba shi da zaɓi, amma caca ce. Ranar da aka dace da kwalabe masu cikakken ƙarfi, an ba mace ninkin abin da take buƙata.

Wani ɓangare na maganin matsalar yana nan a kusa. Cibiyoyin lafiya na matakin farko da dama da ke yin rigakafin yara suna da firij, da yawa masu aiki da hasken rana. Shekara da shekaru ana hana sanya komai a cikinsu in ba allurar rigakafi ba, don gudun kada a rikita kwalabe. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fito fili suka ce a sanya oksitosin a ciki, a ware masa gefe, a yi masa alama. Umarni ne da ba ya cin ko sisi, sai dai yana buƙatar mai riƙe da makullin firij da mai karɓar haihuwa su zama bakinsu ɗaya, da rana da kuma ƙarfe biyun dare.

Daga Kano zuwa Neja

Masana sun bi ta wata hanyar kuma: idan ba za a iya sanyaya ƙasa ba, a canja carbin. Kabetosin ɗan uwan oksitosin ne da aka sauya wa wasu ƙwayoyi, aka ƙarfafa maɗaurar zobensa. Kwado ɗaya suke buɗewa, amma oksitosin yakan ragu da rabi a jini cikin 'yan mintoci, shi kuwa yakan kai kusan minti 40. Nau'insa mai jure zafi yana iya shekara uku a digiri 30, ko wata shida a digiri 40. An gwada shi a kan mata kusan 30,000 a ƙasashe 10, har da Najeriya, aka wallafa sakamakon a 2018. Wajen hana zubar jinin da ya kai rabin lita ko buƙatar ƙarin maganin tsuke mahaifa, shi da oksitosin mai kyau sun yi kunnen doki: kashi 14.5 da kashi 14.4 cikin 100. A kan zubar da ta kai lita guda kuwa, alƙaluman sun yi kusa ƙwarai, amma ba su isa a yanke hukunci irin na masana ba. A wannan shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a yi amfani da shi a inda ba za a iya tabbatar da ingancin oksitosin ba, ta kuma sa shi a jerin muhimman magunguna a 2019.

Jihar Neja na cikin jihohi uku, tare da Kano da Legas, da aka fara shigar da shi asibitocin gwamnati ƙarƙashin shirin Smiles for Mothers. Yana da iyaka da ya kamata kowa ya sani. Daɗewarsa a jiki, wadda ita ce amfaninsa bayan haihuwa, ita ce haɗarinsa kafin haihuwa. Ba ruwan naƙuda ba ne, kuma ba a ba mace shi sai jariri ya fito.

Babban bincike na baya-bayan nan a wannan fage yana da tushe a Kano. Farfesa Hadiza Galadanci, likitar mata a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano kuma malama a Jami'ar Bayero, ita ta jagoranci ɓangaren Najeriya na gwajin E-MOTIVE, wanda Jami'ar Birmingham da Hukumar Lafiya ta Duniya suka shirya a asibitoci 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata fiye da 200,000. Tambayar da suka fara da ita mai sauƙi ce: yaya ake sanin jini ya yi yawa? Amsar ita ce da ido, kuma ido na ƙarya. Jinin da ya jiƙe zani da katifa ya malala ƙasa ba ya aunuwa da kallo. Sai suka kawo wata ledar shimfiɗa mai aljihu da zanen ma'auni, a sa wa mace a ƙarƙashi da zarar ta haihu. Idan jini ya kai layi, ba a jira, ba a kuma gwada magani ɗaya a tsaya a ga abin da zai yi. A lokaci guda ake murza mahaifa, a ba da maganin tsuke ta, a ba da taraneksamik asid mai hana gudan jini narkewa, a ɗaura ruwa, a duba ko akwai yagewa, a kira na gaba idan abin ya faskara.

Sakamakon da aka wallafa a watan Mayun 2023 ya girgiza fagen. A asibitocin da suka bi tsohuwar hanya an gano rabin masu zubar jinin ne kawai, kashi 51 cikin 100. Inda aka yi amfani da ledar an gano kashi 93. Mummunar zubar jini, da tiyatar gaggawa, da mutuwa, idan aka haɗa su, sun sauko daga kashi 4.3 zuwa 1.6, ragin kashi 60 cikin 100. Babu sabon magani ko ɗaya a cikin tsarin. Mujallar Time ta sanya Farfesa Galadanci cikin mutum 100 mafiya tasiri a harkar lafiya a 2024, sannan a watan Oktoban 2025 sabuwar ƙa'idar duniya ta ce a fara ɗaukar mataki tun jini yana mililita 300 idan bugun zuciya ko awon jinin mace ya fara canjawa.

Duk wannan yana amfanar wadda ta zo asibiti ne. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 39 cikin 100 ne kawai na haihuwa ake yi a asibiti. Ga sauran akwai ƙwayar misofurostol, wadda ba feftayid ba ce, ba ta buƙatar firij ko sirinji, ko da yake danshi na lalata ta idan aka ɓare ta daga ledarta. Najeriya ce ƙasa ta farko da ta yi mata rajista don zubar jinin haihuwa, a 2006, kuma masana na Jami'ar Ahmadu Bello sun gwada raba ta ga mata a ƙauyukan da ke kewaye da Zariya. Ba ta kai oksitosin mai kyau ƙarfi ba. Ta fi wanda ya mutu a kwalba.

Agogon da ke cikin kai

Oksitosin shi ne na ƙarshe a jerin manzanni. Kafin a zo naƙuda sai an yi ciki, kuma wannan ma wani ɗan carbi ne ke buɗe ƙofarsa, mai ƙwaya goma, wanda ake kira GnRH. Masana biyu da suka shafe shekaru suna gaba da juna, Andrew Schally da Roger Guillemin, suka yi tseren gano shi. Ɗaya yana niƙa ƙwaƙwalwar dubban ɗaruruwan aladu, ɗaya ta miliyoyin tumaki, don su tace abin da bai cika kan allura ba. Schally ya riga kaiwa a 1971, aka haɗa su a lambar Nobel ta 1977. Aikin GnRH shi ne ya sauka daga haifotalamas ya umarci gaban fitutari ya saki wasu sinadarai biyu, LH da FSH. A jikin mace su ke nunar da ƙwai su sake shi. A jikin namiji su ɗin dai ke sa a ƙera maniyyi. Wannan kaɗai ya isa ya sa a sake tunani a gidajen da idan haihuwa ta yi jinkiri mace ce ke yawon asibiti da gidajen masu magani, miji kuwa yana shirin ƙaro aure. Masana sun nuna cewa a kusan rabin ma'auratan da ke neman haihuwa akwai hannun matsalar namiji.

A 1978 Ernst Knobil na Jami'ar Pittsburgh ya gano, a jikin birai, cewa fitutari ba ya sauraren GnRH sai yana zuwa kamar bugun ƙofa, kusan sau ɗaya a awa. Idan aka zuba shi ba yankewa, makarɓan sai su toshe kunne, tsarin haihuwa ya tsaya cak. Likitoci suka mai da wannan makami. Allurar da ake yi wa mai ƙarin mahaifa don ya motse kafin tiyata, da wadda ake yi wa dattijo mai sankarar firostet, da wadda ake riƙe ƙwan mace da ita a asibitocin dashen ciki na Abuja, duk a kan wannan ganowa suka tsaya. Likitocin dabbobi ma, irin na cibiyar binciken dabbobi ta Shika kusa da Zariya, da ire-iren sinadaran nan suke daidaita lokacin barbarar shanu.

Wa ke kaɗa agogon? An daɗe ba a sani ba. A 1996 masu binciken sankara a garin Hershey na Amurka suka gano wata ƙwayar gado suka sa mata suna KISS1, don tunawa da wata alewar cakulan da garin ya shahara da ita. Ba su san tana da alaƙa da haihuwa ba. Sai a 2003 ayari biyu, ɗaya a Faris ɗaya a Boston, suka binciki wasu iyalai da 'ya'yansu suka girma ba su balaga ba. Iyalin da aka bincika a Boston 'yan Saudiyya ne masu auren zumunci a tsakaninsu. An samu cewa kwadon da feftayid ɗin wannan ƙwayar gado ke buɗewa ya lalace a jikinsu. Da haka aka san kisfeftin, mai tsaron ƙofar balaga. Larurar ba ta da yawa, kuma tana da magani, amma ta buɗe wa masana hanya. A 2014 ayarin Waljit Dhillo a Landan ya ba da rahoton cewa an yi amfani da kisfeftin wajen nunar da ƙwai a dashen ciki, har an haifi jarirai lafiyayyu.

Ilimin nan ya bayyana wani abu da kakanni suka sani da gogewa. Tsotson jariri yana ɗaga furolaktin, sinadarin da ke samar da nono, yana kuma danne agogon GnRH. Shi ya sa mai shayarwa kan daɗe ba ta ga al'ada ba. Masana da suka taru a Bellagio ta Italiya a 1988 sun ƙayyade sharuɗɗan: idan jariri bai kai wata shida ba, nono zalla yake sha dare da rana, al'ada kuma ba ta dawo ba, kariyar daga sabon ciki ta kai kashi 98 cikin 100. Da zarar an fara ba shi ruwa da koko ya rage tsotso, agogon na iya farkawa a ɓoye, kuma ƙwai na iya fita kafin a ga jinin farko. Ta nan kwanika ke shigowa. Haka kuma macen da ba ta shayarwa amma nononta na ɗiga, al'adarta ta rikice, ciki ya ƙi samuwa, wataƙila furolaktin ne ya yi mata yawa. Gwajin jini ɗaya ke nuna shi, ƙwayoyi kuma suna saukar da shi.

Akwai inda labarin biyu ke haɗuwa. Lokacin ciki fitutari yakan kumbura, ya ƙara buƙatar jini. Idan mace ta zubar da jini sosai wajen haihuwa har awon jininta ya faɗi ƙasa, gabansa na iya mutuwa don yunwa. Wani likita a Glasgow, Harold Sheehan, shi ya bayyana wannan a 1937, larurar kuma ta ɗauki sunansa. A ƙasashen da aka shawo kan zubar jini ta kusa zama tarihi. A inda ba a shawo ba, tana nan. Matar ta tsira, an yi barka, an yi suna. Amma nono bai zo ba. Aka gama wanka, aka yi arba'in, shekara ta zagayo, al'ada ba ta dawo ba. Gashin hammata da na mara ya zube. Kullum tana jin sanyi, tana kasala, aikin gida ya gagare ta, har a fara cewa son jiki ne, ko sammu, ko iska. Wani lokaci sai bayan shekara goma ko fiye, idan zazzaɓi ko tiyata suka kayar da ita, sannan wani likita zai yi tambayar da ta dace: a haihuwarki ta ƙarshe, kin zubar da jini? An ƙara miki? Idan aka gano, ana maye gurbin sinadaran da suka ɓace da ƙwayoyin da za ta riƙa sha kullum, ƙarfinta ya dawo, wasu ma da taimakon allurar LH da FSH sukan sake haihuwa.